Zanen Fensir a Jikin Ƙofa

Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da Auta. Ni lafiya lau. Tarin nan ma da sauƙi, ƙurar tsohon fenti ce kawai, kada ki gaya wa Inna.

Har yanzu muna gyaran tsohon gidan attajirin nan. Ɗaki talatin ne da matakalar marmara, rufinsa kuwa in kika ɗaga kai sai ɗankwalinki ya zame. Jiya na ga zane-zanen fensir a jikin wata ƙofa, na ɗauka datti ne, na ɗaga buroshi zan shafe. Shugabar aikinmu ta daka mini tsawa: “Kada ka taɓa!” Ashe a nan mai gidan yake auna tsayin 'yarsa duk shekara. Zane bakwai ne, na ƙarshen iyakar ƙuguna. Daga nan, in ji ta, ya tafi fatauci bai dawo ba.

Don Allah ki auna mini Auta da zare, ki sako zaren a ambulan. Rabona da ita tun tana iyakar gwiwata.

Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Baban Auta