Goron Siddo da Ɗakin Gwaggo

Gaya, ran Talata

Baba, ka san abin da ka aiko ni yi kuwa, ko kai ma ba a gaya maka duka ba?

Ka gafarce ni, na fara da tambaya ban gaishe ka ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafar? Allah ya sa kumburin ya sauka. A gaida Inna da duk mutanen garinmu Bana. Nuriya, ke da za ki karanta masa, ki zauna wajen kunnensa na dama ki ɗaga murya, kada ki tsallake komi ko da rubutuna ya karkace. Da Baba yana ji a salula da ban wahalar da ke ba.

Na iso lafiya. Mai babur ɗan kabu-kabu ya sauke ni bakin gidan kakanmu, ban ma gane shi ba sai da na ga Gwaggo Bibata zaune a ƙofar zaure tana tsince wake. Baba, gidan nan babba ne. Ɗakunan da fataken goro suke sauka a da suna nan jere har tara, amma huɗu sun zube, jemagu sun kama biyu. Ɗakin Gwaggo kaɗai ke tsaye sumul, don duk shekara ita ke yaɓe shi da hannunta kafin ruwa ya sauka. Idan ka duba bangon za ka ga shatin yatsunta.

Jiya na tafi meri, ofishin magajin gari, wajen taron. Ka ce mini in zauna kujerarka kawai, in ɗaga hannu inda masu ilimi suka ɗaga. To ba haka abin yake ba. Mu bakwai ne a komiten, shugabanmu wani Muse Issa, tsohon malamin lakkol, wato makarantar boko, mai kirki, yana fassara mini idan Faransanci ya yi yawa. Ya ce tunda danginmu sun yarda a mai da gidan wurin al'adu, inda za a aje kayan da, yara su zo su gani, to yanzu aikinmu shi ne mu zaɓi waɗanda za su zana yadda za a gyara shi. Ƙungiya uku ce ta masu zanen gini, arshitek ake ce musu. Kowannenmu yana da ƙuri'a ɗaya, tawa ita ce ta dangi.

An karanta mana wata takarda, an ce kada ɗan komite ya karɓi komi daga hannun ƙungiyoyin nan, ko da ruwan sanyi ne. Na sa hannu.

Ga abin da ya dame ni. An shimfiɗa zanen biyu bisa teburi, na uku bai iso ba tukuna. Na daɗe ina dubawa kamin in gane cewa kamar tsuntsu ke kallon gidan daga sama. Da na gane, sai na nemi ɗakin Gwaggo. A zane ɗaya an mai da shi wurin sayar da tikiti, a ɗayan kuma babu shi sam, fili ne da kujeru. Na tambayi Muse Issa, ya ce ai kai ka ce Gwaggo za ta koma Bana.

Baba, ka faɗa wa Gwaggo? Don da na gwada taɓa maganar da yamma, ta ce a ɗakin nan aka yanke mata cibiya, kuma ƙanenta Sumana, wato kai, bai isa ya ɗaga ta ba, ita ta goya shi. Ta ce in ci tuwo in yi shiru. Na ci, na yi shiru.

Ka aiko mini da abin da zan yi. Ka huta lafiya.

Ɗanka, Safiyanu


Gaya, ran Lahadi

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da Inna. Saƙonka ya iso ta bakin direba, cewa in riƙe kujerar dangi da kyau kada in ba ka kunya. Na ji. Amma wani abu ya faru, gara ka ji daga gare ni.

Ran Alhamis ƙungiyoyin suka zo ganin gida, mu ma 'yan komite muna nan. Na farko sun zo da farar mota da ordinatar, wato kwamfuta, sun nuna mana hoton gidan yana ƙyalli kamar banki. Shugabansu dogo ne, ƙofar zaure ta buge masa goshi, ya ce abu na farko da za a fasa ke nan. Ya ce za su shafe bango duka da siminti, a huta da yaɓe har abada. Ni dai hoton ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Na biyu sun auna ko'ina da igiyar awo, sun yi ladabi, amma ba su tambayi kowa komi ba.

Na uku mace ce, Madam Madina, ta zo da wani tsohon magini wai shi Siddo, ɗan ƙanƙane, haƙoransa ba su fi biyar ba. Da suka shigo, Siddo bai dubi gini ba. Ya cire takalmi, ya tambayi wa ke da gida. Aka nuna masa Muse Issa, ya ce a'a, wanda ke kwana ciki yake nufi. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo da Dendanci har sai da ta yi dariya, sannan ya fiddo goro bakwai farare cikin ganye ya miƙo mini, tunda ni ne namijin gida, in ba ta. Ya ce magini ba ya taɓa bangon wani sai ya nemi izini da goro.

Baba, na karɓa da hannu biyu. Wallahi takardar nan ko faɗo mini a rai ba ta yi ba. A gidan fataken goro, wa ke mai da goron gaisuwa? Gwaggo ta sa albarka, ta ɓare su bisa faifai, ta ce in zagaya da shi zaure.

Sannan Siddo ya taɓa bango. Yana tafe yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa a jiki. Ka tuna wurin da aka liƙa siminti a bangon gabas shekarun baya? Da ya ƙwanƙwasa nan sai ya yi ƙara kamar ƙwarya. Ya sa wuƙa ya ɓamɓare kaɗan, sai ga ƙasa tana zubowa, jiƙaƙƙiya, tana wari, alhali wata shida ba a yi ruwa ba. Ya ce laka numfashi take yi, wanda ya rufe ta da siminti ya toshe mata hanci. Kowa ya matso ya gani.

Madam Madina kuwa ta zauna bisa tabarma ta buɗe kaye, Gwaggo na faɗa tana rubutawa: inda ake haƙo ƙasa, kwana nawa ake jiƙa makuba, wane bango ruwa ya fi duka. Ashe da gangan ba ta kawo zanenta ba, ta ce ba ta gamawa sai ta ji daga bakin mai ɗakin. Ran Juma'a ta kawo shi meri. Baba, ɗakin Gwaggo yana ciki. An rubuta mai gida a kansa, kuma an ce ita za ta riƙa koya wa 'yan unguwa yaɓe duk shekara.

Na yi murna har na manta ban ci abinci ba. Sai jiya Muse Issa ya kira ni. Masu farar mota sun kai ƙara a rubuce, wai ƙungiyar Madam ta ba ɗan komite kyauta gaban kowa. Ya ce hanya biyu ce. Ko in ce an tura mini ne ban so ba, a cire su, in riƙe ƙuri'ata. Ko in ce da sona na karɓa, laifin ya zama nawa, in tashi daga kujera, sannan a duba ko za a bar su.

Idan aka cire su, Gwaggo ta rasa ɗakinta. Idan na tashi, kujerar da ka ce in riƙe ta tafi. Taron jibi ne, amsarka ba za ta iso kamin nan ba. Ka yi mini addu'a.

Ɗanka, Safiyanu


Gaya, ran Laraba

Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa. Yaya jiki, yaya zafin nan? Nuriya, wannan ki karanta a hankali, ki bari ya gama jin duka kamin ya yi faɗa.

Na tashi daga kujerarka.

Da aka buɗe taro jiya na miƙe. Na ce da Hausa ba wanda ya tura mini komi, da hannu biyu na karɓa, kuma ko gobe tsoho ya miƙo mini goron gaisuwa a zauren kakana zan karɓa. Na ce tunda na sa hannu a takarda na kuma saɓa, laifina ne, ba na Siddo ba, a cire ni a bar su. Muse Issa ya fassara. Dogon nan na farar mota ya ce bai isa ba, wanda ya bayar ma ya yi laifi.

Ashe Gwaggo ta biyo ni. Ban san ta san ana taron ba ma. Sai ga ta a ƙofa da sandarta da faifan nan a hannu, babu komi a kai. Ba ta jira an ba ta izini ba. Ta aje faifan bisa takardunsu, ta ce goro bakwai aka kawo, ita ba ta da haƙorin ci, ɗan ƙanenta kuma bai taɓa ko ɓari ɗaya ba don shi ke zagayawa, to ina goron ya shiga? Ta bi su da sanda ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wa Muse Issa, kai malam, ɓari biyu ka ɗauka, ɗaya ka sa aljihu. Ta juya wajen dogon ta ce, kai kuma mai goshi, har ka ce a ƙara maka.

Muse Issa ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa na girgiza, sai dariya ta ƙwace wa kowa. Dogon ma ya yi, yana shafa goshi, ya ce ya janye ƙarar.

Na zaci shi ke nan zan koma in zauna. Muse Issa ya ce a'a. Ya ce su sun ci daga faifan mai gida ne, ni kuwa daga hannun ɗan takara na karɓa, kuma na faɗa da bakina an rubuta. Ya ce ya ji zafin abin, amma haka ne. Na ga gaskiyarsa.

Sai muka fito ni da Gwaggo muka zauna ƙarƙashin mangwaron meri, su shida suna ciki. Ta yi ta ba ni labarin yadda kake tsoron kwalekwale kana yaro. Wajen azahar Muse Issa ya fito ya ce huɗu da biyu, an ba Madam Madina. Ya ce ba goro ya ci ba, ƙarar nan ta ƙwarya a bangon gabas ce ta tsaya musu a kunne.

Gwaggo ba ta yi guɗa ba. Ta dai ce mini mu tafi, ta bar wake a wuta.

To Baba, ga shi. Ka ba ni abu ɗaya in riƙe, ban riƙe ba, a takardar zaɓen nan babu hannun danginmu. Idan na yi kuskure ka faɗa mini in na dawo, zan durƙusa in ji. Amma yayarka tana ɗakinta, kuma Madam ta ce ƙofar zaure ma ba za a taɓa ta ba, mai shiga ya sunkuya yadda ake yi tun da.

Gwaggo ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba, amma ka aiko da buhu biyu na ɓawon ɗorawa don makuba, da azarar giginya shida masu kyau, ba irin waɗanda kake ba surukai ba. Haka ta ce in rubuta.

Babban aikin sai bayan damina, amma Siddo ya ce bangon gabas ba zai jira takarda ba, dole a ɓamɓare simintin a yaɓe kamin ruwan farko. Zan tsaya in kama musu, in dawo kamin shuka in Allah ya yarda.

A gaida Inna, a gaida kowa. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen gulbi, ƙasar da muka jiƙa tana jira a tattaka, ga Gwaggo can tana ƙwala mini kira karo na uku. Dole in tafi yanzu.

Ɗanka, Safiyanu