Murfin Kwalbar Man Fuska

Lahadi, 5 ga Mayu

'Yata Auta ta kira ta bidiyo, kamar kowace Lahadi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce in matso da wayar, wai fuskata ta yi furu-furu kamar na kwana a toka. Ta tambaya ko ina shafa man fuskar da ta aiko. Na ce ina shafawa. Allah ya yafe mini.

Sai ta dawo kan maganar da ta saba: ɗakin da ke kusa da falonsu babu kowa a ciki, mijinta ma ya sa an yi masa fenti. Na ce gidan da na binne ƙuruciyata a cikinsa ba zan bar shi saboda bushewar fuska ba. Ta ce ranar da ta ga na kasa yi wa kaina wani abu, ba shawara za ta zo yi ba, mota za ta kawo.

Talata, 7 ga Mayu

Kwalbar tana nan kan tebur kusa da madubi, 'yar ƙarama, murfinta na murɗawa ne. Tun da ta iso ban taɓa ganin cikinta ba. Yau ma na gwada, da tsumma, da ruwan zafi, da bakin wuƙa. Yatsun nan da suka shekara talatin suna buga keken rubutu a ofis, yanzu murfi ya gagare su. Na zauna ina haki kamar wanda ya yi dambe.

Maƙwabcina zai buɗe mini cikin ƙiftawar ido. Amma matarsa da Auta kullum suna waya. Abin da ya shiga gidansu da safe, kafin azahar ya isa kunnen Auta.

Laraba, 8 ga Mayu

Na tuna da man hannun da marigayiya matata ta bari a bayan ƙofar banɗaki, mai kan famfo. Danna shi kawai ake yi, da tafin hannu ma ya isa. Na shafa a fuska. Ƙamshinta ne sak. Na daɗe a tsaye.

Fata dai fata ce. Wanda ya yi ta hannu shi ya yi ta fuska.

Juma'a, 10 ga Mayu

Wurin mai aski. Ya dube ni ya ce Baba Akawu yau sai sheƙi kake, ko an samo mana sabuwar uwa ce ba a gaya mana ba. Na ce da bakinsa yana aski da tuni ya yi arziki. Da na faɗa masa abin da nake shafawa, ya ce man hannu ya yi wa fuska nauyi, kuma turaren cikinsa yana cin fatar da reza ta bi. Na ce a zamaninmu mai ɗaya ake shafa wa gida duka, daga jariri har kaka, ba wanda fuskarsa ta faɗi ƙasa.

Ban gaya masa zancen murfi ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ta kira. Ta ce ka ga yanzu ka yi kyau, ashe man ya karɓe ka. Ba ta ta da maganar ɗaki ba. Na ci wannan makon.

Talata, 14 ga Mayu

Ƙaiƙayi a haɓa da gefen hanci.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ƙuraje sun feso, jajaye, har ƙarƙashin ido. Ruwa ma idan ya taɓa sai raɗaɗi. Na lallaɓa da sanda zuwa kemis ɗin bakin titi, na huta sau biyu a hanya. Mai kemis, yarinya ce sa'ar Auta, ta juya robar man ta nuna mini wasu rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa, ta ce ai ya daɗe da lalacewa, kuma tun asali ba na fuska ba ne. Ta ce in daina, in wanke da ruwa zalla, in nemi mai marar turare. Ta ɗauko wani daga kanta. Murfin murɗawa. Na ce zan dawo.

Ta so ta jefa robar a kwandon shara. Na karɓe abina.

Asabar, 18 ga Mayu

Ban fita ba. Na rufe madubin da tawul. Na gaji, ba na fuska kaɗai ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na ƙi ɗaukar bidiyo, na ce kyamarar ce ta lalace. Ta ce to, Allah ya gyara kyamara.

Talata, 21 ga Mayu

Da hantsi na ji sallamarta a tsakar gida. Ko sanarwa babu. Ta dubi fuskata, ta ajiye jaka. Na fara yi mata bayanin fata fata ce. Ita kuwa idonta na kan tebur. Ta ɗauki kwalbar, ta juya ta. Duk gefen murfin sawun wuƙa ne.

Na jira faɗa. Na jira zancen mota.

Ta murɗa sau ɗaya ya buɗe. Takardar azurfar da ke bakinta ma ba a huda ba.

Ta ce, “Baba, zauna.”

Na ce mai kemis ta ce marar turare. Ta ce ta sani, shi ya sa ta zaɓi wannan tun farko. Ta wanke hannu, ta ɗebo kaɗan a yatsa, ta fara daga goshi. A hankali, tana kewaye ƙurajen. Na rufe ido. Ban da rezar mai aski, rabon da wani hannu ya taɓa fuskar nan tun ranar da marigayiya ta shafa ta a gadon asibiti tana cewa in je in yi aski na zama kamar bushiya.

Wani abu ya gangaro mini a kumatu. Na ce man ne yake shiga ido. Ta ce e, haka yake yi.

Laraba, 22 ga Mayu

Ta kwana, ta tafi da safe saboda aiki. Har ta shiga mota ba ta ambaci ɗakin ba. A bakin ƙofa dai ta ce ta bar murfin a ɗore kawai, kada in murɗa shi, ɗagawa zan riƙa yi.

Na shafa da kaina. Man ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne.

Asabar, 25 ga Mayu

Ƙurajen sun fara bushewa. Na cire tawul daga madubi.

Na kira Auta, ba Lahadi ba. Tambaya kawai na yi, ko tagar ɗakin nan tana samun rana da safe, saboda gwiwoyina. Tambaya ai ba alkawari ba ce.

Robar marigayiya na sa ta cikin ƙaramar jaka, don kada mai shara ta yar. Kwalbar kuma, ina goge tebur na ga ƙura za ta shiga, sai na murɗa murfin. Da alama na murɗa da yawa. Yanzu sai an sami mai buɗewa.