Lomar Rabilu

Maraɗi

Zuwa ga ƙanena Issoufou, a Riyad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto ne saboda a waya da na ɗauko maganar nan sai ka ce layi ba kyau. Takarda dai ba ka iya katse ta.

Delou matar Bachir ta zo gidana jiya, ko zama ba ta yi ba. Ta ce mijinta ya faɗo daga bene a wurin gini, yana kwance ƙugu a karye, kai kuma ka yanki tikitin dawowa gida. Tare kuka bar Maraɗi, ɗaki ɗaya kuke kwana a unguwar Gubaira. Wa zai juya shi in ka tafi? Wa zai kai shi ban ɗaki?

Ko ka manta gidan da ka fito? Lokacin da Turawa suka fara bin kogin Kwara suna aune-aune, Kaka Sha'aban da ƙanensa Rabilu suna cikin masu tuƙa musu kwalekwale. Gogo, 'yar Kaka, ta ba mu labarin mahaifinta har muka haddace. Tun asuba suke kan ruwa, Bature na ƙarƙashin rumfa yana rubutu, su suna tura gora har tafin hannu ya fashe. In an kai duwatsu, a sauke kaya a ɗora a ka, a ja jirgi da igiya. Abincinsu gero ne jiƙaƙƙe da ruwan kogi. Da yamma a hura wuta da ɗanyen ganye saboda sauro, a kwanta ana jin gurnanin dorina. Da zazzaɓi ya kayar da Rabilu, aka sauke shi a kan yashi da ƙwaryar gero, jirgi ya wuce. Shi ya sa har yau a gidanmu ba a fara cin abinci sai an ajiye masa loma a gefen kwano. Kana ajiye taka a can, ko ita ma ka watsar?

Gogo na gaishe ka. Ban gaya mata ba, kunya nake ji.

Yayarka,
Zouera

Gubaira, Riyad

Yaya Zouera,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da mutanen gida. Takardarki na karanta ta a tsaye a ƙofar asibiti, inda nake zuwa kullum bayan aiki tun da abin ya faru. Wannan kam Delou ba ta gaya miki ba.

Ba don daɗi na yanki tikiti ba. Iƙamata, wato takardar zama, ta ƙare. Kafil ɗina, uban gidan da nake ƙarƙashin sunansa, ya ce khalas, ba zai sabunta ba, ya buga mini takardar barin ƙasa. In na wuce ranar da aka sa mini, na zama wanda ake kamawa a titi. 'Yata Hajar na bar ta tana rarrafe, yanzu har makaranta take zuwa, fuskata a waya kawai ta san ta. Ke kina zaune a inuwar tsakar gidanki kina yanke mini hukunci.

Tunda kin jawo Kaka, mu ƙarasa labarin mana. Wa ya ture jirgin daga bakin yashin nan? Bature ba ya riƙe gora. Kaka ne. Ya ci gaba da tuƙi, ya ci geronsa, ya ratsa garuruwan da ba mai jin Hausa, ya dawo da ransa ya haifi Baba da Gogo. Da ya sauka ya zauna da Rabilu, da babu ni, babu ke mai rubuto mini faɗa.

Loma kuwa ina ajiyewa. Ko kabsa, shinkafar Larabawa, muke ci a tire ɗaya sai na ware ta, 'yan ɗakinmu na dariya suna cewa aljanina nake ciyarwa.

Ƙanenki,
Issoufou

Maraɗi

Issoufou,

Sallama da gaisuwa. Raina ya ɓaci da takardarka har na kasa haƙuri, na kai wa Gogo na karanta mata duka. Na zaci za ta tsine maka. Sai ta ce, "Gaskiya yaron ya faɗa, babana ne ya ture jirgin."

Daga nan ta gaya mini abin da ba ta gaya mana muna yara ba. Rabilu bai yi kira ba, bai roƙi kowa ba. Ya dai tashi zaune yana kallon wansa har jirgi ya sha kwana. Kaka ya dawo, ya bar bakin kogi ya ƙaura Maraɗi, bai sake hawa kwalekwale ba. Ta ce, "Ya tsufa a gabana, ban taɓa ganin ya cinye abincin da aka ba shi ba. Lomar nan yake kallo har tuwon ya huce."

Har yanzu ina fushi, amma na raba shi biyu, rabi naka, rabi na kafil ɗinka, Allah Ya isa. Na tambayi Gogo me zan ce maka. Ta ce ka dawo in kana so, ba mai zaginka, akwai sauran wurin loma ta biyu a gefen kwano.

Yayarka,
Zouera

Dira, Riyad

Yaya,

Salamu alaikum. Jirgin ya tashi ranar Talata, ban hau ba. An sallami Bachir, muna zaune a bayan shagon wani tela, Dalhatu, ba na fita titi sai dole. Ki lallashi Hajar, ki ce Baba bai gama aiki ba. Kada ki yi mini godiya, har yanzu haushinki nake ji.

Ki gaya wa Gogo, jiya na ware loma kamar kullum, Bachir ya miƙo hannu ya cinye.

Ƙanenki,
Issoufou