Baturan da Ba a Rubuta Ba

Orozo, Abuja
4 ga Maris

Kawu Saleh,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya aikin fiton kaya? Wata biyu ke nan da dawowata daga Malesiya, har yanzu kwantenar kayanmu shiru. Gidan da muka gina da mijina marigayi Abdulmajeed wayam yake, daga ni sai katifa da buta. In na yi tari, ɗakunan ne ke amsa mini. Ban san kowa a unguwar ba. Don Allah ka bincika mini a tashar jirgin ruwa.

'Yarka,
Rukayyat

*

Apapa, Legas
15 ga Maris

'Yata Rukayyat,

Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaci. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Gobara ta tashi a jirgin a tsakiyar teku, kwantena arba'in sun ƙone, har da taki. Ma'aikaci ɗaya ya rasu wajen kashe wutar. Masu bincike sun ce daga kwantenarki ta fara, sun ga ragowar baturan sola, alhali takardar kaya ta ce littattafai da kayan gida kawai. A doka, wanda ya ɓoye kaya mai haɗari shi ke ɗaukar alhaki. Wa ya cike takardar?

Allah ya ba mu mafita.
Kawunki

*

Orozo
19 ga Maris

Kawu,

Na gaishe ka. Ni ce. Abdulmajeed ya sayi baturan saboda wutar gidan nan. Bayan rasuwarsa na gan su a sito, na kasa barinsu. Da mai loda kaya ya tambaya, na ce ai kayan gida ne. Wallahi ban san suna kamawa da wuta ba. Tun da takardarka ta iso ban iya cin abinci ba, kuma babu wanda zan faɗa wa. Mutumin da ya rasu yana da iyali?

Rukayyat

*

Apapa
26 ga Maris

'Yata,

Ina gaisuwa. Yana da mata da 'ya'ya biyu a Filifin, amma ba wannan ne a gabanmu ba. Ki saurare ni da kyau. Da sunan mijinki aka yi rajistar kayan tun yana raye, sa hannun kuma ba ya karantuwa. Lauyoyin kamfanin jirgin za su kira ki ofishinsu na Abuja. Ki ce shi ya shirya komai kafin ya kwanta ciwo. Ba a kai mamaci kotu. In kika amsa, gidan nan ma ba zai tsira ba. Shekarata talatin a wannan aiki, na ga waɗanda gaskiya ta bari a titi.

Ki yaga wannan takarda.
Kawunki

*

Orozo
3 ga Afrilu

Kawu,

Na gode, Allah ya saka. Jiya na je. Lauyar ta tura mini takardar, ta ce, "Madam, sa hannun mijinki ne wannan?"

Kawu, shekara goma sha tara muna aure, bai taɓa ɗora mini laifinsa ba. Na ce mata sa hannuna ne.

Ranar Litinin zan koma. Ka samo mini lauya, in ba ka yi fushi ba.

'Yarka,
Rukayyat