Mai Singileti a Madubi

Garwa, ranar Lahadi

Zuwa ga aminiyata Halime,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da maigida da yara kuna lafiya, da duk mutanen Domayo. Yaya ƙafar taki? Ni dai alhamdu lillahi, na fita takaba, na sake buɗe masaukinmu.

Baƙi sun yi ƙaranci tun da hanyar Mokolo ta daina biyuwa. Autana Mahmudu ya ce har da laifin shafin da Malam, Allah ya jiƙansa, ya buɗe mana a intanet. Kin san aikinsa. Ya rubuta wai ana hango kogin Binuwai ta taga, alhali sai mutum ya hau kujera ya yi ɗage. Hotunan ɗakuna kuwa, duk wanda ya ɗauka ga shi nan a madubi, daga shi sai singileti, ya ɗaga waya ya turo baki. Wata baƙuwa daga Duwala, Hélène, ta tambaya a wurin sharhi ko kuɗin ɗaki har da mai singiletin. Wani ya rage mana tauraro saboda carar zakara, Malam ya ba shi amsa kowa na gani cewa an yanka zakaran, ya dawo a ci da shi.

Mahmudu yana so ya share hotunan ya sa sababbi, na hana. Kin san Malam da gudun mai hoto, wayarsa kuma ta ɓace a asibiti. In ban da na katin shaida, da ko kama bai yi da shi ba, waɗannan kaɗai suka rage mini. Kullum in na gama dama wa baƙi kunun gyaɗa sai in buɗe in kalle shi, in yi dariya, in koma kuka. Na kasa gaya wa yaron dalilina, kunya nake ji.

Ki gaida kowa.

Taki,
Lauratu

Garwa, ranar Alhamis

Halime,

Ina gaishe ki, da fatan kun tashi lafiya.

Na je Lagdo sayo bandar kifi, kafin in dawo Mahmudu ya yi aikinsa, wai ya faranta mini. Ya tare ni tun daga ƙofa yana murmushi, ya miƙo mini waya. Ɗakuna sun fito tsaf kamar na otal, madubai fes, ba kowa a ciki. Bai ajiye tsofaffin ba, masu shafin kuma sun ce ba sa dawowa.

Baƙi sun fara kira, gaskiyarsa ce. Na sa masa albarka, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Halime, ji na yi kamar an sake fita da shi daga gidan nan.

Na san 'yarki Fatime ba ta raina abin dariya, kome ta gani sai ta adana a waya. Don Allah ki sa ta duba mini ko ta adana hotunan nan na Malam, kada dai Mahmudu ya ji. Ko na banɗaki ne ina so, wanda rabin fuskarsa kawai ya fito.

Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Lauratu