Maki Ashirin na Mista Voss

Florida, 11 ga Maris

Zuwa ga Kawu Roscoe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Yaya gwiwar nan taka? Ina fatan shafa maganin kake yi, ba ajiye shi ka yi a kan firji kana kallo ba. A gaida Inna Verlene, ka ce mata har mafarkin soyayyar tarwaɗarta nake, don nan burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ne safe da rana.

Bayan gaisuwa, Kawu, jerin ya fito. Samari talatin da ƙungiyarmu ta besbol ta fi sa wa rai a gonarta. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na koma daga ƙasa zuwa sama ko idona ne ya yi tsallake. Babu Lonzo Pettway. Shekara biyar ina tsugune bayan mai bugu ina cafe ƙwallo har yatsuna biyu sun karkace. Ba banza suke ce wa ƙananan ƙungiyoyin besbol gona ba, kuma yau na san matsayina a cikinta. Ni ba shuka ba ne. Taki ne, wanda ake zubawa don wasu su yi tsayi.

Mista Harlan Voss, mutumin da ke auna mu ya jera mu, ya manta takardar da ya rubuta a kaina a bakin injin kwafi. Wataƙila ya ɗauka ɗan Mississippi da ya bar makaranta ba ya karatu. Bai san a bayan katunan 'yan wasa da tsohon Baibul ɗinka na koya wa kaina ba. A ma'aunin nan nasu na ashirin zuwa tamanin, ya ba hannuna arba'in da biyar, buguna talatin. Hali kuwa ashirin, ƙasan ƙasa. Ya ƙara da cewa wai bakina ya fi hannuna sauri.

Na ɗaya a jerin shi ne Colby Lindqvist, mai jifa, abokin ɗakina. Ba hassada nake ba, yaron yana da hannu. Miƙaƙƙiyar ƙwallonsa wuta ce, lanƙwasasshiyar kuwa saukowa take kamar shaho ya kawo sura. Amma yana da aibi ɗaya da ni kaɗai na gani. Duk sanda zai jefa lanƙwasasshiya, manuniyar yatsansa da ke wajen safar hannunsa ta fata takan ɗaga kaɗan. Wanda ya lura, ya san abin da ke tafe tun ƙwallo ba ta bar hannu ba. Na faɗa wa Colby, ya yi dariya. Na zauna na rubuta shafi uku tsaf, na kai wa Voss ranar tara ga wata. Ko buɗewa bai yi ba, ya jefa a aljihun tebur, ya ce, "Pettway, cafe aka ɗauke ka ka yi, ba wa'azi ba."

Ƙarshen watan nan za a rage mutane, kuma daga waɗanda ba sa jerin ake farawa. Ka sa ni a addu'ar cocinku.

Ni ne ɗanka,
Lonzo

Tennessee, 6 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Takardarka ta iso, na gode da nasiha.

Sun kore ni. Ranar Juma'a na tarar an cire sunana daga kabad ɗin kayana tun kafin kowa ya yi mini magana. Voss ya kira ni, ya ce wai ina rikita wa zinariyarsu kai. Na ce wa ya ce? Ashe Colby ne. Mutumin da na koya wa wanke safarsa, wanda nake rabawa burodin masarar da Inna take aiko mini, shi ya shiga ofis ya ce tun da na yi maganar yatsa hankalinsa bai kwanta ba, a canja masa mai cafewa. Na faɗa wa Voss maganganun da ba zan rubuta ba, don na san Inna ce take karanta maka. Da na koma ɗaki haɗa kaya, Colby ya shige banɗaki ya kulle. Na ƙwanƙwasa na ce, "Fito mana, na ɗaya, taki ne zai tafi, ba cizo yake ba." Na ɗauki jakata na fita.

Kwana huɗu ina zaune a tashar bas da jakata, na kasa tahowa gida in haɗa ido da kai. Rana ta biyar wata ƙungiya ta kira, mai cafewarsu ya karye a hannu, suna neman mai riƙon wuri. An gaya mini ƙiri-ƙiri, in ya warke cikin watan Yuni, sai dai in nemi hanya. Na ce na ji. Abin da na fara dubawa shi ne jadawali, kuma Allah ba ya barci: rukuninmu ɗaya da ƙungiyar da aka tura Colby. Sha huɗu ga Yuni za mu je filinsu. Na zagaye ranar da jan biro har takardar ta huje.

Ka rubuto cewa in bar wa Allah. Kawu, na bar masa komai da komai, amma wannan ɗaya ina roƙon ya bar mini. Kai da kanka ka sha cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. To ni ne hakin.

A gaida Inna, kada ta yi kuka, ina cin abinci.

Naka,
Lonzo

Tennessee, 15 ga Yuni

Kawuna,

Ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake, kuma yau lafiyar tawa ta fi ta kullum. Gyara zama.

Jiya Lahadi, wasan rana. Babban shugaban tsohuwar ƙungiyata ya taso takanas don ya ga Colby kafin a ɗaga shi daga gona zuwa babbar ƙungiya. Yana zaune bayan ragar da ke kare 'yan kallo, Voss a gefensa da na'urar auna gudun ƙwallo, yana ta washe baki kamar shi ya haifi yaron.

Kafin a fara na tara masu bugunmu, na ɗaga yatsa ɗaya na ce, "Ku bar kallon fuskarsa, ba aurensa za ku yi ba. Ku kalli nan. In ya ɗaga, lanƙwasasshiya ce, ku ƙyale ta. In ya kwanta, ku daka." Wani ƙato ɗan Texas ya ce, "Farfesa, in ƙarya kake, littattafan nan naka zan dafa maka ka ci." Shi ne ya fara aika ƙwallo bayan katanga, bugun da ya fi kowane daraja.

Kawu, ci takwas a zagaye biyu. Da aka zo kaina, ni mai bugun maki talatin, na ƙyale biyu suka faɗi a ƙasa. Ta uku yatsa ya kwanta. Ban taɓa jin sanda ta yi daɗi a hannuna haka ba, ƙwallon sai wajen ajiye motoci. Ban yi gudu ba, a hankali na zaga filin, ina kallon bayan raga. Bakin Voss ya rufu. Shugaban ba Colby yake kallo ba, Voss yake kallo.

Da kocinsu ya fito ya karɓi ƙwallon, alamar an cire shi daga wasa, Colby ya sauka kansa a ƙasa. Na tsaya in ji ko tausayi zai zo. Ya zo, ba zan ɓoye maka ba, ya ɗan daɗe ma. Amma sai na tuna tashar bas.

Kocinmu ya ce ko wancan mai cafewar ya warke ba inda zan je, kuma daga yau duk mai jifan da za mu fuskanta ni zan fara karanta shi.

Muna shirin hawa bas sai ga Voss ya biyo ni, gumi har wuya, shugaban na tsaye ba nisa. Ya sassauta murya ya ce, "Lonzo, ɗana, me kuka gani?" Ɗana! Na ciro katin da na rubuta tun Afrilu nake yawo da shi a hula, na miƙa masa. Harlan Voss: ido ashirin, kunne ashirin. Sannan na ɗaga murya yadda shugaban zai ji, na ce, "Amsar tana aljihun teburinka tun tara ga Maris, shafi uku. Je ka karanta. In ya yi maka wuya ka yi ta gwadawa, ni ma ni na koya wa kaina."

Ka ce wa Inna ta nemo tarwaɗa, amma sai kakar wasa ta ƙare, don yanzu ina da aiki. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai.

Ɗanka, takin da ya tsiro,
Lonzo Pettway