Lauya Ta Ce In Amsa Laifi

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Ƙafar ta yi sauƙi? Ina maigidanki da yara? Ki shafa mini kan Auta.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa damuwa a ranki. Gidan yarin ma da sauƙi yanzu. Ƙasar nan sun yi sabuwar doka, mai ƙaramin laifi sharar titi ake ba shi, ya riƙa kwana a gidansa. Ɗakinmu da sai an yi shawara kafin a juya kwanciya, yau har miƙe ƙafa nake yi. Tarin da nake yi ma ya ragu.

Sai dai dokar ta waɗanda aka yanke wa hukunci ce. Mu masu jiran shari'a, alƙali bai iso kanmu ba. Shekaranjiya lauyata ta zo, ta ce, "Ka amsa kai ka ɗauke injin walda a shagon maigidanka, su ba ka shara, ka fita kwanan nan. In ka ƙi, ban san ranar fitarka ba."

Wallahi Yaya, har na buɗe baki zan amsa. Amma ban ɗauka ba, kuma ba zan iya zama gaban Inna ana ce mini ɓarawo ba. Na ce mata zan jira.

Ki aiko mini da hoton yara. Ki roƙi Inna ta ƙara haƙuri da addu'a. Zan ɗan daɗe, amma da mutuncina zan dawo.

Naki,
Ƙaninki mai walda